Yashi a Sha'irin Nicanor

Shafi na 23

Ku masu cika min waya tun da sassafe da "ina saura, ina saura," to ga shi nan, ku bar ni in sha shayin mate ɗina da zafinsa. Ke kuma da kika ce Amancay ta cika taurin kai, ki bari ki ga wadda ta haife ta tukuna.

*

Amancay ta kasa zama. Ta ɗosana a kujerar shagon Baba Baldomero mai sayar da kayan haɗa giya, ta miƙe, ta leƙa titi, ta dawo tana kaɗa makullin mota a tafin hannunta.

"Haba 'yata, zauna mana, kina sa ni jiri."

"Ba zama ya kawo ni ba, Baba."

Ina za ta ga zama? Tun ranar da mijinta Nicanor ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya mutu, rumfar giyarsu ta kasuwar dandali ce kawai abin da ya rage musu. Kwamitin kasuwa kuwa ya yi mata magana ɗaya: rumfa ta mai hannu ce. In ta kawo baƙar giya irin ta Nicanor ranar ɗanɗano, rumfa ta zauna. In ba haka ba, a ba Froilán, tsohon abokin aikinsa, wanda ya daɗe yana lashe baki a kanta.

Kuma in ba ta ɗora tukunya yau ba, giyar ba za ta nuna kafin ranar ba.

Sau biyu tana gwadawa. Ta farko ta fito fari fat, sai zaƙi. Ta biyu ko a lambu ta ji kunyar zubarwa.

Tsohon ya jera ƙananan kwanoni a kan kanta, kowanne da irin sha'irinsa, tun daga mai ruwan zuma har baƙi ƙirin.

"Saurara. Maɗin sha'iri na gwangwanin nan, kowa a garin nan shi yake saya, har masu cika baki. Gwangwani jiki ne kawai. Fuskar giya tana cikin ɗan ƙunshin ƙwayar da kika jiƙa a ruwan zafi kafin ki zuba maɗin. Tauna wannan."

Ta tauna. "Alewa."

"Shi ke ba da ja da ɗan zaƙi. Wannan fa?"

"Kofi. Kofin da aka manta a wuta."

"Madalla. Wancan baƙin kuma kaɗan ake sa shi, don launi. Ke nawa kika zuba?"

Ta kau da kai. "Rabin jaka."

"Rabin jaka!" Ya dafe ƙirji. "Kuma na san kin tafasa shi."

"To ai baƙa nake nema."

"Kin kuwa samu, kin dafa gawayi. Ba a tafasa shi, 'yata, jiƙo ake yi, a ɗaga ƙunshin tun ruwa bai yi fushi ba."

Ƙarar mota ta katse su. Farar akori-kura ce ta tsaya a ƙofa, Froilán ya shigo yana kakkaɓe ruwan sama daga hularsa, haƙorin gwal ɗin nan nasa a waje. Wallahi mutumin nan ko gaisuwa ya yi maka sai ka ji kamar ka duba aljihunka.

"A'a, matar yaya! Ya mai jiki?"

"Da sauƙi."

"Allah ya ƙara. An ce kin yi giyar da har karen gidanku ya shinshina ya yi atishawa."

"An ce kai ma ka yi wadda aka wanke taya da ita."

Ya bushe da dariya, bai ko ji haushi ba. Wannan rashin jin haushin shi ya fi tsaya mata a rai. Ya ce a ba shi gwangwani biyu da yis.

"Ƙwaya fa?" in ji Baldomero. "Ga sabuwa ta zo."

"Ina da tawa." Ya ɗaga mata hula. "Sai mun haɗu a dandali, matar yaya. In kaya sun yi miki nauyi ranar kwashewa, motata tana nan."

Ya fita. Amancay ta bi bayansa da kallo. Tsoro take ji, tsoro sosai, ba wai fushi kaɗai ba. Ta juyo ta dafa kanta da hannu biyu.

"Baba, bar koya min karatu, lokaci ya ƙure. Cikin kwanonin nan, wanne Nicanor yake saya? Nawa-nawa? Auna min shi kawai in tafi."

Tsohon ya ɗauki tsumma ya shiga goge inda ba datti.

"Baba."

"Babu."

"Babu me? Ya ƙare?"

"Babu wanda yake saya. Tun da na buɗe shagon nan, mijinki bai taɓa sayen ƙwaya ɗaya a hannuna ba. Gwangwani, yis, furen lupulo na ɗaci, shi ke nan."

"Ƙarya ne!" Sai ta kama bakinta. "Yi haƙuri, Baba. Amma na sha ganinsa da ƙunshi."

"Da ƙunshinsa yake zuwa. Ranar Alhamis, ɗan buhu a kafaɗa, ya wuce bayan shago wurin injin ɓarza, ya ɓarza abinsa ya tafi. Na tambaye shi har na gaji, sai ya yi min dariya. Abin da na sani ɗaya ne, sha'irinsa ya sha lalata min inji. Yashi ne da shi."

"Yashi?"

"Yashin kogi, mai laushi. Kullum cikin kwance inji nake ina kakkaɓewa. Ko makon jiya sai da na sake."

Amancay ba ta ji ƙarshen maganar ba, ta riga ta yi bayan shago. Injin yana nan a ƙarƙashin rumfar kwano inda kowa ke zuwa ya yi ɓarzarsa. Ta durƙusa ta zura yatsa a lungun katako, ta zaƙulo 'yan ƙwayoyi masu launin ƙasa-ƙasa, ba su kai baƙin na kwano ba, kuma launinsu bai zama ɗaya ba. Ta jefa a baki.

Hayaƙin itacen ñire. Gardi kamar na ɓawon burodi. Sai wani ɗan ƙaras a ƙarƙashin haƙori.

Ta zauna daɓas a kan jiƙaƙƙen siminti.

Wa ke suyar hatsi da yashi a kasko in ba masu yin garin ñaco ba? Kuma duk kwarin nan wa ke kai suya har wannan launin, ta sauke ana saura ƙiris ya ƙone? A gindin kaskon nan aka yaye ta. Hayaƙin nan ta guda tun tana budurwa.

Shi ne kuma warin da ke jikin rigar Nicanor duk yammacin Alhamis. Shekara da shekaru tana shinshina rigar nan tana cewa murhun wata ce. Ta sha juya masa baya a gado saboda shi. Ta taɓa bin sawunsa har gada ya ɓace mata. Shi kuwa bawan Allah sai dai ya ce, "Ki yarda da ni, Amancay."

Ashe murhun wata ce ɗin. Murhun uwarta.

"Kin gane shi ke nan," in ji Baldomero daga bakin ƙofa.

"Eduvina ce." Ta faɗi sunan kamar ba ita ta haife ta ba.

"Tabɗi." Ya sosa ƙeya. Duk garin an san labarin. Ranar da Amancay ta ce mai dafa giya za ta aura, uwar ta ce in ta bi shi kada ta dawo ko ɗibar wuta. Ita kuma ta tsaya a bakin shinge ta rantse, ko yunwa za ta kashe ta, ba za ta ƙara sa abin da ya fito daga kaskon gidan a bakinta ba. Tun ranar ba su sake haɗa ido ba.

"Ba zan je ba," in ji ta. "Haɗa min daga naka. Kofin nan da alewar nan, a gwada."

"Zan haɗa miki, za ki samu giya mai kyau. Amma 'yan kwamitin nan sun fi shekara goma suna shan ta Nicanor. Kurɓi ɗaya za su yi."

"To in soya da kaina. Na iya."

"Sabuwar suya kaifi gare ta, tana kartar maƙogwaro. Sai ta kwanta a buhu ta yi makonni ta huce. In akwai wanda aka soya masa aka ajiye kafin ya faɗi, shi kaɗai zai fisshe ki. Kuma ki ji da kyau, ƙwaya za ki kawo a ɓarza. In ya zama gari, an gama."

Ta miƙe, ta zauna, ta sake miƙewa. Ta nufi mota, ta dawo ta ɗauki jakarta da ta manta, ta koma.

"Amancay! Ki sassauta harshe in kin isa."

Ta tayar da mota ta wuce.

*

Hanyar tudu ta yi caɓi, tsohuwar motar Nicanor tana ta zamewa. Sau biyu tana taka burki da niyyar juyawa. Sai ta tuna shi kwance, maƙwabciya na goge masa baki, idonsa na bin ta duk inda ta yi yana son faɗin abin da ya kasa. Ashe wannan ne yake ta fama ya gaya mata, ita kuma tana gyara masa filo.

Tun kafin ta kashe mota ta ji sautin.

Gurr. Gurr. Gurr.

Dutsen niƙa.

Ta fito a guje, ko ƙofa ba ta rufe ba. Ta tsallake shingen da ta rantse a kansa ba tare da ta lura ba.

"Tsaya! Kada ki niƙa!"

Eduvina tana durƙushe a rumfar murhu, ɗankwali ɗaure tamau, ta ƙanƙance fiye da yadda Amancay ta bar ta. Ba ta ɗago ba. Ta ƙara tura dutsen sau ɗaya, da gangan, sannan ta tsaya.

"Na ji karnuka ba su yi haushi ba, na ce ko ɗan gida ne. Ashe baƙuwa muka yi."

"Mama."

"Wuta kika zo ɗiba?"

Maganar ta soke ta.

"Sha'irin Nicanor na zo karɓa."

"Shi ba shi da ƙafa?"

"Tun yaushe, Mama? Tun yaushe kuke yi min wannan a bayan idona?"

"A bayan idonki? Idonki ne bai taɓa waiwayowa nan ba." Tsohuwar ta share gari daga dutse zuwa akushi. "Da ƙafarsa ya zo, shekarar da kuka yi aure. Na kore shi da tsintsiya. Ya dawo. Na sakar masa kare, karen ya bi shi yana kaɗa wutsiya, munafuki. Ya faskara min itace bai ce komai ba ya tafi. Da sanyi ya shigo shi ya gyara min rufi. Wata rana ya kawo min kwalbar abin da yake dafawa, na ɗanɗana, na ce wannan ai ruwan wanke-wanke ne, da shi za ka ciyar min da 'ya? Na ɗebo sha'irin kasko na watsa masa a hula."

"Ke fa da bakinki kika ce ɗan giya ne, ba zai yi albarka ba."

"Na faɗa. Na yi kuskure. Shi na gaya wa, don shi ya zo."

Amancay ta rasa inda za ta sa idonta. Kasko yana jingine a bango, baƙi, da tulin yashinsa a gefe, komai yana inda yake.

"Me yake biyan ki?"

"Labari." Muryar tsohuwar ta ɗan karye, ta gyara ta da tari. "Ya zauna a kan kututturen can, in ba shi mate, ya ce yau ta yanke gashi. Yau ta yi faɗa da mai kifi. Yau ta yi dariya. Lokacin da cikinki ya zube, kika kwana uku ba ki ci komai ba, kunun da ya dama miki kika shanye har kina neman ƙari, daga ina kike zaton ya fito?"

"Ya ce a kasuwa ya saya."

"Ke da kika tashi a gindin kaskon nan, ki sha kununa, ki sayar da giyar da hannuna ke ciki shekara da shekaru, ki kasa gane ni? Wannan ya fi rantsuwarki yi min ciwo, Amancay."

Hawaye suka zubo mata, ta goge da bayan hannu da ƙarfi. Kunya ce ta rufe ta, da kewar da ta daɗe tana dannewa.

"To yanzu ina yake?" in ji Eduvina. "Ya manta hanya ne? Alhamis nawa ina dafa ruwa yana hucewa. Ko kin gano ne kin hana shi?"

Sai a lokacin Amancay ta fahimta. Babu mai hawowa tudun nan sai shi. Ba wanda ya gaya mata.

"Mama, Nicanor ya faɗi."

"Ya faɗi ina?"

"Jikinsa ya shanye. Ba ya tafiya. Ba ya magana."

Ɗan dutsen ya suɓuce daga hannun tsohuwar ya gangara cikin toka.

"Wayyo ɗana." Ta dafa ƙasa. "Wayyo yaron kirki. Yaushe?"

"Tun kafin a gama tsinkar lupulo."

"Kafin a gama…" Eduvina ta ɗago a karon farko ta dube ta. Bakinta ya motsa, kamar mai lissafi. Amancay ba ta lura ba, maganar da ke cinta ta riga ta ɓalle.

"Za su ƙwace rumfar, Mama. In ban kawo giyarsa ba za su ba wani, kuma ba mu da komai bayanta, da ita nake sayen maganinsa. Yau ne kawai ya rage min. Na san kin soya masa na Alhamis ɗin da bai zo ba. Ki ba ni. Don shi, ba don ni ba."

"Don shi."

"Eh."

"Ke har yanzu rantsuwarki tana nan ke nan. Ki ɗauka da hannun hagu, ki sayar wa baƙi, bakinki kuma tsarkakakke."

"Mama, ba lokacin wannan ba ne."

"Ni lokacina ke nan. Na tsufa, ban da wani."

Suka tsaya suna kallon juna, hanci iri ɗaya, haɓa iri ɗaya. Ruwa na ɗiga daga bakin rufin kwano. Kun ce Amancay ta cika taurin kai? To ga inda ta ɗebo.

Amancay ce ta fara motsi. Ta durƙusa a kan tokar, ta zura hannu cikin akushin, ta cika tafinta da garin ñaco, busasshe, ba ruwa ba sukari, ta watsa a baki.

Ko yaron goye a kwarin nan ya san ba a yi wa busasshen ñaco haka. Ya shaƙe ta nan take. Tari ya turnuƙe ta, gari na fita ta hanci, ido ya yi ja, amma ta ƙi tofarwa. Ta dafe baki da hannu biyu har sai da ta haɗiye.

"Sakarya!" Eduvina ta rarrafo tana bubbuga mata baya, tana kuka tana zagi. "Sakaryar yarinya, kashe min kanki za ki yi? Ungo ruwa. Sha. A hankali, don ubanki."

Ta sha. Ta kifa kai a kafaɗar uwar, ƙashi zalla, warin hayaƙin nan na rigar Nicanor.

"Na ci, Mama," ta ce da ƙyar. "Kin gani, na ci."

"Na gani."

"To ina buhun? Rana na yi, sai na koma na ɓarza kafin Baba Baldomero ya rufe."

Hannun da ke shafa bayanta ya tsaya.

"Mama?"

"Kin ce tun kafin a gama tsinkar lupulo bakinsa ya mutu."

"Eh."

"Bai ce komai ba tun ranar? Ko kalma ɗaya?"

"Ko sunana. Me ya faru?"

Eduvina ta miƙa hannu bayan kasko ta jawo wani ɗan buhu. A lanƙwashe ya zo, ba nauyi. Ta zazzage shi a cinyarta, abin da ya zubo bai cika tafi biyu ba.

"Wannan na rage don karin kumallona. Sauran an karɓa makon jiya."

"Wa ya karɓa?"

"Ya ce Nicanor ne ya aiko shi, wai aiki ya yi masa yawa. Har gaisuwarsa ya kawo min." Tsohuwar ta ajiye buhun. "Wani mai farar mota. Da haƙorin gwal."